Yadda na saita taswirar farashin hannun jari kafin in fara nazari a kanta

Na buɗe manhajar zana taswirar farashi a yanayin da ta zo, ban taɓa launi ko ɗaya ba. Da gangan na yi haka. Yawancin masu farawa launi suke fara gyarawa, su ɓata awa guda suna zaɓen kore mai haske ko mai duhu, alhali akwai saituna huɗu da ke sauya lambobin da ke kan allo su kansu: agogo, lokutan zaman kasuwa, gyaran tarihin farashi, da sikeli. In waɗannan ba su daidaita ba, duk layin da ka ja da duk ma'aunin da ka ɗora a kan gurguwar ƙafa suke tsaye. Manhajoji biyu na saita a jere, TradingView da MetaTrader 5, don su aka fi samu a hannun mutane, kuma inda suka saɓa da juna nan ne ake yawan yin tuntuɓe.

Agogo na fara dubawa. A TradingView yana ƙasan taswira daga hannun dama, kana danna shi jerin yankunan lokaci zai fito. Na bar agogon kwamfutata, na zaɓi lokacin kasuwar da ake cinikin hannun jarin. Kasuwannin Amurka suna buɗewa 9:30 na safe su rufe 4:00 na yamma agogon New York, ta Landan kuma 8:00 zuwa 4:30 nata agogon. Matsalar ita ce ƙasashen nan suna matsar da agogonsu da awa ɗaya sau biyu a shekara, kuma ba rana ɗaya suke yi ba. Amurka tana turawa gaba ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, ta dawo da shi Lahadin farko ta Nuwamba. Turai kuwa sai Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Wanda ya bar taswira a kan agogon da ba ya motsi, zai ga kyandirin buɗe kasuwa (kyandir shi ne ɗan sandan da ke nuna inda farashi ya buɗe, ya hau, ya sauka, ya rufe a wani tsawon lokaci) ya yi tsalle da awa guda a tsakiyar tarihinsa, ya kuma kasa kwatanta safiyar watan Janairu da safiyar watan Yuli. A MetaTrader babu wannan zaɓi ko kaɗan. Agogon da ke kan taswira na sabar dillali ne, ba ka da iko da shi. Abin da na yi shi ne na kwatanta shi da agogon New York sau ɗaya, na rubuta bambancin a takarda na manna a gefen allo.

Sai zaman kasuwa. Hannayen jarin Amurka ana cinikinsu tun kafin a buɗe, daga 4:00 na asuba, da kuma bayan an rufe har 8:00 na dare. TradingView tana ba ka zaɓi ka nuna zaman asali kaɗai ko ka haɗa da waɗannan ƙarin sa'o'i. Ana ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu, amma lissafi ya nuna ba haka ba ne. Zaman asali minti 390 ne. In ka ɗora matsakaicin farashi na kyandir 200 a taswirar minti 5, yana waiwayar minti 1,000, wato kwana biyu da rabi na ciniki. Kana kunna ƙarin sa'o'in, ranar ta koma awa 16, minti 960, sai wannan layin ya koma yana waiwayar kwana ɗaya da 'yan mintuna ga hannun jarin da ake cinikinsa ba yankewa. Sunan layin bai canja ba, lambar 200 na nan, amma abin da yake aunawa ya zama wani daban. Ni na kashe ƙarin sa'o'in a taswirar nazari, na bar su a kunne a wata ƙaramar taswira daban da nake leƙawa kafin buɗe kasuwa, musamman ranar da kamfani ya fitar da rahoton ribarsa, tunda galibi kafin buɗewa ko bayan rufewa ake fitar da shi. A wannan ƙaramar taswirar na sa bayan ƙarin sa'o'in ya ɗan fi duhu, don ido ya gane iyakar nan take.

Lambar 390 ɗin nan ta sa na sake duba tsawon kyandirorin da manhaja ke ba ka tun farko. Kyandirin awa 4 ba ya raba ranar Amurka daidai: na farko ya ɗauki minti 240, daga 9:30 zuwa 1:30, na biyu ya tashi da minti 150 kacal. Na awa 1 ma haka, shida cikakku da gutsure na rabin awa a ƙarshe. Ido yana kallonsu kamar tsawonsu ɗaya, yawan cinikin da ke ƙarƙashinsu kuwa ba za a iya kwatanta shi ba. Lambobin da ke raba 390 ba saura su ne irin 30, 39, 65, 78, 130 da 195. Na ƙara minti 65, wanda ke ba da kyandir shida daidai a rana, da minti 195 mai raba ranar gida biyu. Ba kowane tsarin biyan kuɗi ne ke barin ka ƙirƙiri naka tsawon ba. In bai bari ba, minti 30 ya fi awa 1 tsabta, kyandir 13 ne cif a rana. Ga kasuwar da tsawon zamanta ya bambanta, sai ka ƙirga mintocinta ka yi irin wannan rabon.

Gyaran tarihin farashi shi ne wurin da na fi daɗewa. Kamfani kan tsaga hannun jarinsa, ya mai da ɗaya ya zama huɗu ko goma, farashin kowanne ya ragu daidai da haka, dukiyar mai hannun jari ba ta ragu da komai ba. Apple ya yi tsagin ɗaya zuwa huɗu a ƙarshen Agusta 2020, farashi ya tashi daga kusan dala 500 ya koma kusan 125. Nvidia ya yi na ɗaya zuwa goma a Yuni 2024. Taswirar da ba ta gyara tarihi ba za ta nuna faɗuwar kashi 75 ko kashi 90 cikin ɗari a dare ɗaya, faɗuwar da ba ta auku ba, kuma duk matsakaicin farashi zai gurɓace na tsawon watanni. Gwajin da na yi mai sauƙi ne: na buɗe Apple a taswirar kwana-kwana, na koma Agusta 2020, na duba ko akwai rami. A TradingView babu, tsagin a gyare yake zuwa. A MetaTrader kuwa abin ya dogara ga dillalin da ke ba da bayanan, don haka a kowane sabon asusu sai an yi wannan gwajin.

Rabon riba kuma daban ne, shi zaɓi ne, kuma a nan ra'ayi ya rabu. Ranar da hannun jari ya fita daga haƙƙin karɓar riba, farashinsa kan buɗe ƙasa da kimanin adadin ribar. In ka kunna gyaran riba, manhaja za ta rage duk farashin baya da kaso. A ce farashi 50 ne, ribar 1 ce: za a ninka duk tarihin baya da 0.98, sai tsohon ƙololuwar da ke 60 ta koma 58.8. Bayan shekara goma na irin wannan ragi, lambobin da ke taswirarka ba su ne waɗanda aka yi ciniki a kansu a lokacin ba. Idan tambayarka ita ce nawa mai riƙe da hannun jarin ya samu a tsawon shekaru, kunna shi. Idan kuwa kana neman matakin farashin da masu saye suka taɓa tarewa, kashe shi, don mutane farashin da suka biya suke tunawa, ba wanda aka gyara ba. Na kashe shi, tunda nazarin matakai nake yi. Kuskuren da ke faruwa shi ne mutum ya ja layukansa yana kunne, daga baya ya kashe, sai ya ga layukan suna shawagi a sama ko a ƙasa ba su taɓa komai ba, ya ɗauka manhajar ce ta lalace.

Sikeli iri biyu ne ake amfani da su sosai. A na farko, tazarar 10 zuwa 20 daidai take da tazarar 100 zuwa 110 a kan allo, alhali na farkon ninki ne, na biyun kashi 10 ne cikin ɗari. A sikelin logarizim kuwa tazara kaso take bi, 10 zuwa 20 tsawonsa ɗaya da 100 zuwa 200. A taswirar mako-mako da ta wata-wata logarizim na sa, ba tantama, domin hannun jarin da ya ninka sau goma a sikelin farko tarihinsa na baya kan kwanta kamar zare, ba ka ganin komai a ciki. A taswirar minti 5 bambancin bai taka kara ya karya ba. Alt da L ne ke kunna shi a TradingView. Abin kiyayewa shi ne layin da aka ja a karkace: wanda ya taɓa ƙasan kyandirori uku a sikeli ɗaya, yana iya kuskure na ukun in an juya zuwa ɗayan. Layin kwance ba ruwansa da wannan. Don haka na tsayar da sikeli ɗaya ga kowane tsawon kyandir kafin in ja layin farko.

Akwai kuma daidaita tsayi da manhaja ke yi da kanta, ta miƙe duk abin da ke kan allo ya cika shi daga sama har ƙasa. Yana da amfani, amma yana ruɗin ido: ranar da farashi ya motsa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari tana fitowa da girma ɗaya da ranar da ya motsa da kashi 6. Na bar shi a kunne, sai dai na sa kason canjin ranar ya fito a layin bayanan da ke saman taswira, in riƙa karanta lamba kafin in yarda da ido. Na kuma zaɓi sikelin ya bi farashi kaɗai, ba tare da ma'aunai ba. In ba haka ba, matsakaicin kwana 200 da ya yi nisa da farashi zai ja sikelin ya matse kyandirorin wuri guda. Fili na bar kashi 10 cikin ɗari a sama, kusan haka a ƙasa, da gurbin kyandir 15 a dama don in ga inda layuka suka dosa.

Kafin in shiga launi, na duba daga ina bayanan suke zuwa. Kusa da sunan hannun jari akwai ƙaramar alama da ke nuna ko farashin na yanzu ne ko mai jinkiri. Kasuwanni da yawa jinkirin minti 15 suke bayarwa ga wanda bai biya ba. Ga nazarin kwana-kwana wannan ba komai ba ne, ga mai ciniki a taswirar minti 1 kuwa tarihi yake kallo. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: farashin kyauta na nan take na hannayen jarin Amurka sau da yawa daga wani ɓangare na kasuwannin yake fitowa, ba daga haɗakar dukkansu ba. Farashin zai yi kusa da daidai, amma yawan ciniki a ƙananan kyandirori zai fito ƙasa da gaskiya. A MetaTrader kuma abin da ake nunawa a matsayin yawan ciniki, a kayayyaki da dama, ƙidayar sau nawa farashi ya motsa ne, ba adadin hannun jarin da ya sauya hannu ba.

A MetaTrader ɗin dai, na danna F8 na kunna layin farashin saye. A kayayyakin da dillali ke ba da farashinsu, da farashin sayarwa ake zana kyandirori, na saye yana sama da shi da ɗan tazara, kuma ba a nuna shi sai ka nema. Wanda ya shiga ciniki yana sa ran farashi zai sauka, da farashin saye za a rufe masa. Shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa cewa an taɓa masa iyakar asara alhali lagwanin kyandir bai kai wurin ba. Ya kai, a layin da bai kunna ba, musamman lokacin da tazarar ta buɗe a mintunan farko na kasuwa.

Yanzu launi. Na zaɓi kyandirori na asali, Alt da 2 a MetaTrader. Na guji salon kyandirin da ake kira Heikin Ashi a babbar taswira duk da kyan ganinsa, saboda farashin rufewarsa ba na gaske ba ne, matsakaicin lambobi huɗu ne. Kyandirin da ya buɗe a 100, ya hau 106, ya sauka 99, ya rufe a 105, Heikin Ashi zai ce 102.5 ya rufe. Ba wanda zai sayar maka a 102.5. Akwai kuma wani ɗan akwati a saitin kyandir da ke tambaya ko a yi launi bisa rufewar kyandirin baya. In bai kunnu ba, kore na nufin an rufe sama da inda aka buɗe. In ya kunnu, kore na nufin an rufe sama da rufewar jiya. Ranar da aka buɗe da giɓi zuwa sama sannan aka zame kaɗan, saiti ɗaya zai ba ka ja, ɗayan kore, kyandir ɗaya tak. Na bar shi a kashe, tunda kason canjin rana ya riga ya gaya min dangantaka da jiya.

Ja da kore ba dole ba ne. A kasuwannin China ma ja shi ne hawa, kore sauka. Kuma kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya bambance ja da kore sosai. Ga irinsu shuɗi da ruwan lemo sun fi. Ni fari na sa wa hawa, toka mai duhu ga sauka, da baki siriri a jikin kowanne, a kan bango mai duhu amma ba baƙi ƙirin ba, don baƙi ƙirin da fari fat suna gajiyar da ido bayan awa biyu. Lagwani na ba shi launi mai fita sosai, tunda a nan ake ganin inda aka ƙi farashi. Layukan raga masu kama da gidajen dara na kashe na tsaye, na dusashe na kwance har da ƙyar ake ganinsu. Ctrl da G ne ke kashe su gaba ɗaya a MetaTrader, Ctrl da Y kuma ya sa layin raba rana da rana, wanda ya fi ragar amfani nesa ba kusa ba. A TradingView na kunna ƙidayar lokacin da ya rage kyandir ya rufe, don kyandirin da bai rufe ba siffarsa na iya juyewa a minti na ƙarshe.

Ma'aunai na ɗora kaɗan. A taswirar kwana-kwana: matsakaici na 50 da na 200, yawan ciniki a nasa gurbin a ƙasa da matsakaicinsa na kwana 20, sai ATR na 14, wato ma'aunin faɗin motsin farashi. RSI da MACD da Stochastic duk daga saurin motsin farashi ɗaya suke shan ruwa, tara su wuri guda kamar tambayar mutum ɗaya sau uku ne ka ce shaidu uku sun yarda. Na ɗauki RSI kaɗai, a kan 14 da layukan 70 da 30 kamar yadda J. Welles Wilder ya tsara shi a 1978. Gurbinsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na tsayin allo ba, farashi ya riƙe aƙalla kashi biyu cikin uku.

Da na jera manhajojin biyu, lambobin wasu ma'aunai ba su zo ɗaya ba, kuma ba laifin kowa ba ne, lissafin ne ya bambanta. Matsakaicin da ke fifita sabon farashi yana amfani da nauyin 2 a raba da tsawo da ƙarin ɗaya, na 20 ya ba da kusan 0.095. Salon Wilder kuwa 1 ne a raba da tsawo, don haka 14 ɗinsa daidai yake da 27 a wancan salon. In manhaja ta ba ka zaɓin salon lissafin matsakaicin RSI ko ATR ka canja shi ba ka sani ba, lambarka ba za ta yi daidai da ta kowa ba. MACD na Gerald Appel kuwa, 12 da 26 da 9 ne ko'ina, amma wanda ke zuwa da MetaTrader yana zana babban layin a matsayin sanduna, layin ishararsa kuma matsakaici ne na yau da kullum, wanda ba ya fifita sabon farashi. Sandunan da ke TradingView bambancin layukan biyu ne. Abu biyu ne daban masu kama ɗaya, kuma mai bin darasin da aka yi da ɗaya yana kallon ɗayan zai riƙa ganin ishara a inda babu ita. Matsakaici mai fifita sabon farashi yana kuma buƙatar tarihi mai tsawo kafin ya zauna, don haka na shiga Ctrl da O na ƙara adadin kyandirorin da taswira ke lodawa, na rufe manhajar na sake buɗewa don canjin ya kama.

Layukan da nake ja na ba su ƙa'ida: na mako-mako masu kauri, na kwana-kwana matsakaita, na cikin rana sirara masu ɗigo-ɗigo. Kowane layi yana da saitin a wane tsawon kyandir zai bayyana; na hana na minti 5 fitowa a taswirar kwana-kwana, in ba haka ba sai su taru su zama kamar saƙar gizo. Na kunna maganaɗisu mai rauni don bakin layi ya manne a ainihin ƙololuwar kyandir, na kuma kulle muhimman layuka, tunda jan taswira da linzami kan tafi da layi ba ka lura ba. Maɓalli ɗaya ya cancanci faɗakarwa: Alt da T a TradingView layi yake ja, a MetaTrader kuwa akwatin ciniki da danni ɗaya yake fitowa da shi. Na tabbatar wannan hanyar cinikin a kashe take a kwamfutar nazari.

Allon na raba shi uku, mako-mako da kwana-kwana a hagu, minti 65 babba a dama. Na haɗa sunan hannun jari da alamar linzami a tsakaninsu, ta yadda in na canja kamfani a ɗaya duk su canja, amma ban haɗa tsawon kyandir ba, don haɗa shi zai mai da ukun abu ɗaya.

Adanawa hawa-hawa ce, kuma a nan aikin awa biyu kan salwanta. A TradingView samfurin kamannin taswira daban, samfurin ma'aunai daban, shimfiɗar allo gaba ɗaya ita ma daban. Adana ɗaya ba ya adana sauran. Na adana ukun, na kuma yi kwafin shimfiɗar da wani suna wanda ba na taɓawa, saboda adanawa ta atomatik tana rubuta duk ɓarnar da ka yi a kan mai kyau. A MetaTrader na adana samfurin da sunan default.tpl, wanda shi ne sunan da manhajar ke nema duk lokacin da aka buɗe sabuwar taswira, sannan na adana jerin tagogin daban, na kwafe fayilolin zuwa wani wuri a wajen kwamfutar. Daga nan na rufe komai, na sake buɗewa, na kira hannun jarin da ban taɓa buɗewa ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya: kyandirin farko na rana a 9:30, ƙarin sa'o'i a kashe, gyaran riba a kashe, logarizim a taswirar mako. Na ƙarshe na ɗauki rufewar jiya ta kamfanoni uku na kwatanta da wadda kasuwar kanta ta wallafa a shafinta, har zuwa lamba ta biyu bayan ɗigo.